Alfred Saker: Mutumin da Ya Gasa Tubali, Ya Juya Littafi a Duwala

Karatu: Luka 14:25-33, Fitowa 31:1-11

 

A wannan fitowa za mu duba rayuwar wani mutum wanda da yawanku kuna wucewa ta gaban sunansa kullum. Duk mai bensikin da ya daɗe yana ɗaukar fasinja a Duwala ya san makarantar Alfred Saker da ke Deido, ya kuma san titin da ke ɗauke da wannan suna a Akwa. Amma in ka tambaya ko wane ne Saker, amsar da aka fi bayarwa ita ce wani Bature ne na dā, shi ke nan. To, bari mu ji ko wane ne.

An haifi Alfred Saker ranar 21 ga Yuli, 1814, a wani ƙauye mai suna Borough Green, a yankin Kent na ƙasar Ingila. Mahaifinsa maƙeri ne mai harhaɗa injunan niƙa, gidan kuwa cike yake da 'ya'ya. Yaron siriri ne, ba mai ƙarfin jiki ba. Makarantar ƙauye kaɗai ya yi, yana ɗan shekara 10 ko kusa da haka aka fitar da shi aka sa shi a maƙerar mahaifinsa. Ga yawancin yara a nan ne karatu yake ƙarewa. Shi kuwa ɗan abin da ya shigo hannunsa a littafi yake ƙarewa. Da rana yana gaban wuta da guduma, da dare yana kan lissafi da zanen injuna da ilimin taurari, ba malami a kansa. Kafin ya cika shekara 16 ya ƙera ƙaramin inji mai aiki da tururi da hannunsa.

Bari in ɗan tsaya a nan. Akwai wata magana da nakan ji a bakin samarinmu bayan an tashi daga sujada: ni ban yi sa'a ba, tun ina ƙarami aka cire ni daga makaranta, ba ni da kowa a sama. Ba na musun wannan. An cuci yara da yawa, talauci ya datse wa wasu hanya, mutuwar uba ta datse wa wasu. Abin da aka yi maka kana ɗan shekara 10 ba laifinka ba ne, Allah kuwa ba zai tambaye ka a kansa ba. Amma awa biyu ɗin nan da kake da su tsakanin rufe shago da kwanciya, na wane ne? Saker bai zaɓi a cire shi daga makaranta ba. Abin da zai yi da darensa, wannan shi ne ya zaɓa.

Wata ranar Lahadi da yamma yana tafiya a garin Sevenoaks, inda aiki ya kai shi, sai ya ji ana waƙa a wata ƙaramar majami'a. Waƙar ta ja shi ya shiga. Daga nan ya riƙa zuwa, har Maganar Allah ta kama zuciyarsa. A shekarar 1834 aka yi masa baftisma a ikilisiyar Baptis ta ƙauyensu, yana da shekara 19. Ya koyar a makarantar Lahadi, yana kuma fita wa'azi a ƙauyukan kewaye. Da mahaifinsa ya rasu a 1838, sai ya fita neman aiki. Ya zauna jarrabawar gwamnati ya ci, aka ɗauke shi mai zanen injuna a ma'aikatar jiragen ruwan yaƙi da ke Devonport. Karatun dare ya biya. A waɗannan shekaru ne ya auri Helen Jessup. Ga aikin gwamnati, ga albashi, ga mata ta gari, ga ikilisiya mai ƙaunarsa. Da ya zauna a nan har tsufa, ba wanda zai ce ya yi zunubi.

Abin da ya tashe shi daga wani wuri mai nisa ya fito. A 1838 bayi baƙar fata na tsibirin Jamaika suka sami cikakken 'yanci. Da yawansu masu bi ne, suka kuwa fara roƙo a kai bishara ƙasar kakanninsu. Mu lura da wannan, 'yan'uwa: kukan da ya kawo bishara bakin kogin Wuri daga bakin 'yantattun bayi ya fara fitowa. Ƙungiyar Mishan ta Baptis da ke Landan ta aiko mutum biyu, John Clarke da likita G. K. Prince, su duba wuri. Suka sauka a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, a farkon 1841. Da labarinsu ya iso ikilisiyoyin Ingila, Saker da matarsa suka miƙa kansu.

Ba a makance suka yi wannan ba. A shekarar nan ta 1841 gwamnatin Ingila ta aika jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara, a cikinsu har da Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön, wanda daga baya ya yi aiki mai yawa a kan harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40 a wannan tafiya, labarin kuwa ya cika Ingila. A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke kawo zazzaɓin. Sai a 1897 aka gano haka, shekara 17 bayan mutuwar Saker. Abin da aka sani kawai shi ne, wanda ya tafi yammacin Afirka da wuya ya dawo. A cikin karatunmu na yau Ubangiji ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci. Saker mutumin lissafi ne. Ya zauna, ya lissafta, ya ajiye aikin gwamnati. Ni wannan ne ya fi ba ni tsoro a labarinsa, domin da yawanmu ba mu taɓa zama mun zaɓi kome ba. Wani ya zo Duwala don abokinsa ya zo. Wani ya shiga fawa don kawunsa mahauci ne. Ba laifi a ciki, sai dai ranar da wahala ta zo, mutumin da ruwa ya kwaso shi yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi.

A 1843 aka karɓe shi, ba a matsayin babban mai bishara ba. Mataimaki ne, da nufin ya kula da injin jirgin ruwa in mishan ta samu. Ba shi da takardar makarantar tauhidi. Suka bi ta Jamaika suka ɗauko ayarin masu bi baƙar fata, malamai da masu sana'a da iyalansu, suka iso Fernando Po a watan Fabrairu, 1844. Zazzaɓi ya tarbe su tun daga bakin gaɓa. A watan Yuni, 1845, Saker ya haye zuwa bakin kogin Wuri tare da wani mai bi ɗan Afirka, Thomas Horton Johnson, suka zauna a garin Sarki Akwa. Ya sa wa wurin suna Betel.

Duwalar da ya tarar ba irin wadda kuka sani ba ce. Babu New Bell, babu Ndogbong, babu gada a kan kogi. Garuruwa ne a jere a bakin ruwa, na Bell da na Akwa da na Deido, da wani a ƙetare inda Bonaberi take yanzu, kowanne da sarkinsa, faɗa kuwa ba ya daɗewa bai tashi a tsakaninsu ba. Mutanen Duwala gwanayen dillanci ne. Su ne tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin ƙasa, manja da hauren giwa su fita, tufafi da bindiga da barasa su shigo. Sarakunan sun riga sun sa hannu da Ingila a kan daina sayar da bayi ƙetare, amma bauta a cikin gida tana nan daram. Harshen Duwala kuwa ba shi da littafi ko ɗaya.

Saker ya fara daga kalma ɗaya ɗaya. Ba ƙamus, ba littafin nahawu, sai kunne da takarda. Harshen Duwala yana da karin sauti kamar namu. Bahaushe ya san bambancin kukan yaro da kukar miya, ko da yake rubutunsu ɗaya ne, amma ka tambayi baƙon da yake koyon Hausa irin wuyar da wannan yake ba shi. Haka ya yi ta fama, yau yana kan ƙafa, gobe zazzaɓi ya kwantar da shi. Cikin shekara uku ya juya Bisharar Matiyu. Amma sai a watan Nuwamba, 1849, ya yi wa mutum na farko baftisma a kogin Wuri, wani mai suna Bekima Bile. Shekara huɗu da watanni, mutum ɗaya. Ɗan'uwa mai koyon ɗinki, kai da ka bar shagon maigidanka bayan wata biyar don har yanzu maɓalli yake sa ka ɗinkawa, ka ji wannan lissafi.

Sai shekara mafi wuya ta zo. Ɗaya bayan ɗaya abokan aikin suka mutu ko suka koma gida. Clarke da Prince sun tafi. Joseph Merrick, ɗan Jamaika mai baiwar harsuna wanda ya kafa aiki a Bimbia ya kuma fara buga littattafai da harshen Isubu, ya rasu a cikin jirgi a 1849. A 1850 Saker da Helen suna Ingila suna jinya sa'ad da labari ya zo cewa Bature na ƙarshe da ya rage a wurin, likita William Newbegin, shi ma ya mutu. Zukatan shugabannin mishan suka yi sanyi, har wasu suna tunanin ko a rufe aikin. Su Saker kansu sun riga sun sha ɗacin binne 'ya'ya. Duk wani dalili da mutum zai so ya fake da shi yana hannunsa, likita ma zai sa masa hannu. Maimakon haka ya roƙi kwamiti kada a janye, ya ce shi zai koma ko da shi kaɗai ne. Kafin shekarar ta ƙare suna kan teku.

Zaɓin farko, na 1843, yana da zafin sabon kira a cikinsa. Na 1850 ba shi da wannan zafi, domin yanzu ya san ɗanɗanon zazzaɓin, ya san sunayen waɗanda ke cikin kaburburan. Haka yake a aure, haka yake a sana'a, haka kuma a bin Yesu: akwai ranar da za a sake miƙo maka abin da ka taɓa zaɓa, wannan karo da farashinsa a rubuce a jiki. Da ya koma kuwa ya tarar aikin bai mutu ba. Johnson da wani saurayi ɗan Jamaika, Joseph Jackson Fuller, da sauran 'yan'uwa baƙar fata sun riƙe shi. Za mu dawo kansu.

Yanzu ga maganar tubali. Duk wanda ya zauna a Duwala damina ɗaya ya san abin da ruwa da laima suke yi wa katako, abin da suka bari kuma gara ta ƙarasa. Gidajen mishan na katako ne. Kowace shekara sai an sake gini, kuɗi suna tafiya, lokacin da ya kamata a yi koyarwa yana tafiya, takardun da aka sha wuya aka rubuta suna cikin haɗari. Hanyar da aka saba ita ce a rubuta wa Landan a yi kuka, a jira jirgi wata da watanni. Saker bai taɓa yin tubali ba. Maƙeri ne, mai zane ne. Amma ya ga cewa in bai warware matsalar gini ba, ba zai taɓa samun zaman juya Littafi ba, kuma ba wanda zai zo ya warware masa. Ya nemi yumɓu har ya samu, ya gwada, ya gina tanderu, ya gasa. Da abin ya yi kyau sai ya tara samari ya koya musu. A hankali Betel ta sami majami'a da makaranta da gidaje na gasasshen tubali. Bayan tubali sai kafinta, sai ƙira, sai aikin gona. Ya shuka itatuwa masu 'ya'ya irin su mangwaro da fiya, domin ya ga yunwa tana hana almajiri karatu. Sa'an nan ga injin buga littattafai, wanda ake jera masa haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu. Shi ma ya koya, ya koyar.

Ku duba yadda abin ya bi. Ba ya tashi da safe ya ce bari in ƙara wata sana'a don a san da ni. Aikin da ya ɗauka ne yake nuna masa abin da ya rage bai iya ba, shi kuma sai ya je ya iya. Yana so mutane su karanta Maganar Allah, to sai an rubuta harshen. An rubuta, sai an buga. Za a buga, sai da ɗakin da gara ba za ta ci ba. Kowace ƙofa da ya buɗe, wata ce a bayanta, bai kuwa taɓa tsayawa a gaban wata ya ce wannan ba aikina ba ne.

Wannan kalma, ba aikina ba ne, ta tsayar da mutane da yawa a wuri ɗaya shekara ashirin. Mai gadi yana zaune a ƙofar kamfani dare da rana, bai iya karanta Faransanci ba, takardar da aka miƙo masa sai ya nemi mai duba masa, alhali kuwa ba wanda ya kai shi lokacin zama. Mai suya ya iya wuta, ya iya yaji, amma bai taɓa rubuta abin da ya saya da abin da ya sayar ba, shi ya sa bai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba. Ɗalibinmu yana zuwa makarantar fasaha ta Jami'ar Duwala a nan Ndogbong, yana da malamai da kwamfuta da intanet, abubuwan da Saker bai yi mafarkinsu ba, amma burinsa takarda ce kawai, hannunsa bai taɓa yin baƙi da man inji ba. A Fitowa sura 31, mutumin da Allah ya ambata da suna ya cika shi da Ruhunsa, Bezalel, ba firist ba ne, ba annabi ba. Mai aikin zinariya da tagulla da sassaƙa ne. Gwanintar hannu tana cikin abin da Ruhu yake bayarwa, wanda kuma aka ba shi za a tambaye shi.

A 1858 wata sabuwar matsala ta taso. Gwamnatin Sifen, wadda ke da mulkin Fernando Po, ta aiko gwamna ya hana masu bi na Baptis yin sujada a fili. Saker ya bi gaɓar teku yana neman inda za su koma, ya sami wani lungun teku a gindin babban Dutsen Kamaru, ya yi yarjejeniyar ƙasa da Sarki William na Bimbia, aka sare daji aka kafa gari. Ya sa masa sunan sarauniyar Ingila, Victoria. Shi ne garin da tun 1982 ake kira Limbe. Ya so ƙwarai Ingila ta karɓi wurin ta mai da shi tashar jiragenta. A wannan fuska mutumin zamaninsa ne, yana ganin tutar ƙasarsa da bishara za su iya tafiya tare ba tare da ɗaya ta ɓata ɗaya ba. Mu da muka zo bayan mulkin mallaka mun san abin bai zama da sauƙi haka ba.

Duk wannan yana gudana, aikin juyi bai tsaya ba. Mutumin da ya bar makaranta yana ɗan shekara 10 ya zauna da littattafan Helenanci da Ibrananci yana koya wa kansa, don kada ya dogara ga Turanci kaɗai. Yakan tashi tun da asuba ya yi juyi kafin aikin rana ya fara. Sabon Alkawari ya fito a 1862. Ranar 23 ga Fabrairu, 1872, shafi na ƙarshe na dukan Littafi Mai Tsarki da harshen Duwala ya fito daga injin Betel, kusan shekara 27 bayan saukarsa a Akwa. 'Yarsa Emily tana cikin waɗanda suka taimaka. Don mu gane girman abin, mu tuna cewa Hausa, da duk yawan masu jinta da tsohon rubutunta na ajami, ba ta sami cikakken Littafi Mai Tsarki ba sai 1932, shekara 60 bayan na Duwala. Juyin Saker bai zama na ƙarshe ba. Yana da wuyar karatu a wurare da yawa, masu bishara na Basel da suka zo daga baya kuma sun sake juya Sabon Alkawari. Wanda ya fara share gona ba shi ne yake cire kowane kututture ba.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, domin Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana na Dawuda ko na Bitrus ba. Tun daga wajen 1859 wasu abokan aikinsa Turawa, musamman wani mai suna Alexander Innes, suka yi ta kai ƙararsa Landan. Ƙarar kashi biyu ce. Na ɗaya, wai yana ɓata lokacin bishara a kan tubali da katako. Na biyu, cewa mutum ne mai mulkin kama-karya, ba ya jin shawara, yana kuma tsananta wa 'yan Afirka da ke ƙarƙashinsa har da duka. Maganar ta yi tsawo har sakataren mishan, E. B. Underhill, ya taso da kansa a ƙarshen 1869 ya zo ya bincika. Ya goyi bayan Saker, daga baya ma shi ne ya rubuta tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1884.

Ni dai a ganina, a ƙara ta farko Saker ne mai gaskiya. Bulus ya ɗinka tantuna a Koranti bai daina zama manzo ba, saurayin da ya koyi gini a Betel kuwa ya sami abin ciyar da iyali ba tare da ya koma cinikin barasa ba. Amma ƙara ta biyu ba na iya share ta da hannu ɗaya don kawai abokinsa ya wanke shi. Hayaƙi ya yi yawa a wurin. Akwai wata cuta da take kama masu ƙwazo: mutumin da ya saba yi wa kansa kome yakan rasa haƙuri da wanda bai kai shi sauri ba, wanda bai taɓa tausaya wa jikinsa ba yakan manta cewa jikin wani ba nasa ba ne. Na san masu gida a kasuwanninmu waɗanda suka taso daga babu da guminsu, kowa yana yabonsu a waje, amma yaran shagonsu suna rawar jiki in sun ji takunsu. Ɗaukar nauyin kanka bai ba ka izinin taka wani ba, yadda ka bi da yaron da ke ƙarƙashinka kuma yana cikin lissafin da za ka bayar. A Fitowa sura 18 Yetro ya ga surukinsa Musa yana ɗauke da shari'ar jama'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da mutanen. Saker ya bukaci irin wannan suruki. Haka kuma gaskiya ne cewa 'yan Jamaika da 'yan ƙasa da suka sha rana ɗaya da zazzaɓi ɗaya da Turawa ba a ba su matsayi ɗaya ko albashi ɗaya ba, sunayensu ma ba su hau kan tituna kamar nasa ba.

Saboda haka bari mu ambace su. Thomas Horton Johnson, wanda ya sauka tare da shi a 1845, an naɗa shi fasto a 1855, ya yi kiwon ikilisiyar Betel. George Nkwe bawa ne da aka kawo daga tsaunukan cikin ƙasa, mutumin da a idon garin ba shi da bakin magana. Ya ba da gaskiya, ya koyi karatu, ya zama na hannun daman Saker wajen juyi, domin Bature ba zai san zurfin kalmar Duwala ba sai da ɗan gari a gefensa. A 1866 aka naɗa shi fasto. Sai Joseph Jackson Fuller, wanda aka haifa cikin bauta a Jamaika a 1825, yana yaro ya ga ranar 'yanci da idonsa. Ya zo Afirka yana saurayi da ɗan abin da ya sani na gini, ya koyi buga littattafai, ya koyi harsunan gaɓa, ya koyi wa'azi, aka naɗa shi a 1859. In ana neman wanda ya hau tsani daga matakin ƙasa da ƙafarsa, ga shi nan. Duk zafin halin Saker, hannunsa ne ya ɗora a kan waɗannan mutane ya miƙa musu aiki, a zamanin da Turawa da yawa ba su yarda baƙar fata zai iya riƙe ikilisiya ba.

A 1876 jiki ya ƙi. Saker ya bar Kamaru ke nan, ya rame har waɗanda suka gan shi a Ingila suna mamakin yadda yake tsayuwa. Samari biyu da suka fara aiki a Kamaru a ƙarshen zamaninsa, George Grenfell da Thomas Comber, su ne suka wuce suka buɗe aikin Baptis a Kwango a 1878. Ya rasu a Landan a watan Maris, 1880, yana da shekara 65. Emily ta komo Kamaru ta ci gaba da koyarwa. A 1884 Jamusawa suka kafa tutarsu a bakin Wuri, ba Ingila ba kamar yadda ya yi fata, bayan shekara biyu kuma aka miƙa tashoshin Baptis ga mishan ta Basel. Fuller yana nan sa'ad da aka yi wannan miƙawa. Ya riga ya juya sanannen littafin nan na John Bunyan, na tafiyar mai bi zuwa birnin sama, zuwa harshen Duwala. Ya bar Kamaru a 1888 bayan fiye da shekara 40 yana aiki, ya rasu a Landan a 1908. Babbar majami'ar da kuke gani a Akwa kusa da inda Betel ta fara, an gina ta ne don tunawa da cikar shekara 100 da saukar Saker da Johnson a wurin.